A Garin da Ba a San Gidanku Ba

Kowace shekara, da zarar an sallami masu bautar ƙasa, akan ga matasa a tashoshin mota na Lafia, jaka a hannu, kwamfuta a goye, suna jiran motar da za ta bi ta Akwanga da Keffi. Waɗansu a Mararaba ko Nyanya za su sauka, su riƙa shiga Abuja kowace safiya. Waɗansu kuwa sai sun kwana a hanya, gama Legas suka nufa, garin da ya zama cibiyar aikin kwamfuta da na wayar hannu a ƙasar nan. Yawancinsu ba su taɓa zama a wani gari da ya fi Lafia ko Jos girma ba. Iyaye sukan cika musu kunne da gargaɗi: a kula da masu yankan aljihu, kada a ba dillalin gida kuɗi sai an ga ɗakin, kada a yi yawon dare. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yinta a tasha ba, ga shi kuwa ta fi sauran nauyi. Yaron nan da kowa ke shaida da kirki, kirkin nasa ne, ko kuwa na idon garin da ke kallonsa ne? In ya isa inda ba wanda ya san gidansu, me zai rage?

Idon gari

A Lafia mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Sunan ubansa yana gabansa, ikilisiyarsu ko masallacin unguwarsu yana bayansa. In ya karɓi bashi a kanti a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, mai kanti bai nemi takarda ba, domin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In an gan shi a wurin da bai dace ba, labari zai riga shi isa gida. Wannan shi ne idon gari, kunya kuwa ita ce sandar da yake kiwo da ita.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Lafia mutum dubu 330 da 'yan kai, Jihar Nasarawa duka kuwa ba ta cika miliyan 2 ba. Ƙidayar nan ta ba Jihar Legas fiye da miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ƙi yarda, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Tun daga lokacin garin bai daina cika ba. A irin wannan taro mutum yana iya shiga motar danfo kowace rana shekara guda bai ga fuska ɗaya sau biyu ba. Wanda ya yi masa rashin kunya da safe ba zai sake haɗuwa da shi ba har abada, haka kuma wanda shi ya cuta. Wannan ne sabon abin da baƙo ke tararwa, ya kuwa fi tsadar haya da cunkoson hanya taɓa rai.

Tafiyar ba laifi ba ce

Kafin a ci gaba, ya kamata a kawar da wani kuskure. Akwai dattawan da ke ganin birni kansa ne mugu, wanda ya tafi kuma ya riga ya ɓata. Tarihin Lafia bai goyi bayansu ba. Baƙi ne suka kafa garin, Barebari ƙarƙashin Muhammadu Dunama, fiye da shekara 200 da suka wuce. Layin dogo da ya ratsa ta nan a shekarun 1920 ya kawo waɗansu baƙin, kasuwar doya da agushi da riɗi ta kawo waɗansu, zaman garin hedkwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996 ya ƙara kawo waɗansu. Kakannin da ke tsoron Legas a yau su ma sun yi cin rani, sun yi aikin kuza a Jos, sun yi aikin masaƙa a Kaduna.

Abin da ke jan matasa kuma ba mafarki ba ne. Kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar nan MTN da Econet suka fara aiki, kasuwar waya ta Computer Village a Ikeja ta bunƙasa. A 2011 aka buɗe cibiyar CcHUB a Yaba, inda matasa masu rubuta manhaja ke taruwa, har mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarci wurin a 2016. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa a 2015, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Matashin da ya gama Jami'ar Tarayya ta Lafia ko Jami'ar Jiha ta Keffi ya ji duk waɗannan labarai, ya kuma duba ya ga guraben aikin gwamnati a jiharsa ba za su ɗauki ko kashi kaɗan na abokan karatunsa ba. Neman halal a nesa abin yabo ne.

Sai dai a san cewa kaɗan ne ke samun kujera a manyan kamfanonin nan. Mafi yawa gyaran waya za su koya, ko su riƙe na'urar cire kuɗi a bakin titi, ko su amsa kiran abokan ciniki, ko su kai saƙo a kan babur. Aikin ma ba shi da tabbas. A 2019 kamfanin Andela ya sallami ɗaruruwan ƙananan injiniyoyinsa, a watan Fabrairu na 2020 kuma gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, dubban 'yan Arewa suka wayi gari ba sana'a. A cikin irin wannan matsi ne ake gwada hali.

Zoben makiyayi

Tambayar nan ta girmi Legas. A ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, masanin Girka Aflatun ya kawo ta a littafinsa na Jamhuriya ta bakin ɗan'uwansa Gulakon. Labarin wani makiyayi ne a ƙasar Lidiya da ya tsinci zobe. In ya juya kan zoben ciki, sai ya ɓace wa idon mutane. Da ya gane haka, ya shiga fada, ya yaudari sarauniya, ya kashe sarki, ya haye gadon mulki. Hujjar Gulakon ita ce, in aka ba mai adalci irin zoben nan aka ba mugu, ba za a iya bambanta ayyukansu ba, domin mutane suna yin gaskiya ne saboda tsoron a kama su da kuma son a yabe su.

Babban birni zobe ne irin wannan, waya da intanet kuwa zobe ne na biyu a kan na fari. Birni yana ɓoye fuskar mai yi, na'ura tana ɓoye fuskar wanda aka yi wa. A ɗauki misalai daga aikin yau da kullum. Mai gyaran waya an bar masa ita kwana biyu, da hotunan mai ita da saƙonninsa da lambobin bankinsa a ciki. Ƙaramin ma'aikaci a kamfanin kuɗi yana ganin bayanan dubban mutane a allonsa, wani kuma ya yi masa tayin saye. Budurwar da ta samu aiki a kamfanin ba da rance ta waya an umarce ta ta aika wa dukan mutanen da ke cikin wayar mai bashi saƙon cewa shi ɓarawo ne. Wannan ɗabi'a ta yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu irin kamfanonin nan a Legas a watan Maris na 2022. Ga kuma abokin ɗaki da ke kwana a gaban kwamfuta yana yi wa wata gwauruwa a Amurka ƙaryar soyayya, ya ce ai Turawa sun kwashe dukiyarmu, ramuwa ce kawai.

A cikin waɗannan duka ba wanda ya fasa ƙofa, ba wanda ya ga hawaye. Yaron da ba zai iya ɗaukar doya ɗaya a rumbun maƙwabci ba yana iya share ajiyar tsufan wani da danna maɓalli, ya kuma yi barci, domin wanda ya cuta lamba ce a allo.

Shin kunya ƙarya ce?

In haka ne, wani zai ce Gulakon ya yi gaskiya, tarbiyyar gida duka shinge ce kawai, in an cire shinge akuya ta shiga gona. Amma wannan ya wuce gona da iri. Kowa ya san mutanen da suka yi shekara 20 a Legas ko Fatakwal, aka ba su amanar kuɗi da ta sirri, ba su taɓa ci ba, ko da yake ba wanda zai sani. Da hujjar Gulakon cikakkiya ce, da ba a sami ko ɗaya ba.

Gaskiyar ita ce kunya iri biyu ce, a gida kuwa ba a iya raba su. Akwai kunyar ido, wadda ke cewa kada a gan ni. Akwai kunyar zuciya, wato lamiri, wadda ke cewa wannan ba aikina ba ne ko an gani ko ba a gani ba. Ta farin ba abin raini ba ce, gama ita ce makarantar ta biyun. Aristotil, almajirin Aflatun, ya koyar da cewa mutum yana zama mai adalci ta wurin yawan aikata adalci, kamar yadda magini ke zama magini ta wurin gini. Yaro yana fara mayar da canji saboda tsoron bulala, in ya daɗe yana yi kuma aka nuna masa dalili, sai abin ya zama jikinsa. Manomin doya yana kafa wa yaɗo sanda ya hau, amma abin da yake jira yana ƙarƙashin ƙasa, ranar tono ce kuma ke nuna ko ta yi. Shekarar farko a birni ranar tono ce. Wanda aka koya wa "me mutane za su ce?" kawai, ba a taɓa gaya masa abin da cuta ke yi wa wanda aka cuta ba, zai isa inda mutane ba su cewa kome, ya ga ba abin da ya rage a hannunsa.

Dole kuma a yi wa birni adalci. Idon gari ba kullum yake ganin gaskiya ba. Yakan yi wa mutum hukunci da ƙabilarsa, da talaucin gidansu, da kuskuren da ya yi yana ɗan shekara 15. Akwai marayu da 'ya'ya mata da yawa da sai da suka je inda ba a san su ba kafin aka auna su da aikin hannunsu. Ɓoyuwar da ke ba mugu dama ita ce kuma ke ba wanda aka raina sarari.

Idon na'ura

Wani kuma zai ce birnin zamani yana da nasa idon, wanda ya fi na gari kaifi. Tun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN da ke haɗa asusun mutum da zanen yatsunsa. A watan Disamba na 2020 aka umarta a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Akwai hukumar EFCC tun 2003, akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Direban da ake kira ta waya ma fasinja yana ba shi maki. Matashi ya kamata ya san wannan sarai, domin da yawa sun shiga kurkuku suna tsammani zoben ya ɓoye su. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Duk da haka idon na'ura ba ya maye gurbin idon gari. Na'ura tana rubuta abin da mutum ya yi, ba ta san mutumin ba. Ba ta kiransa gefe ta ce ta ga take-takensa tun kafin ya faɗa. Takan zo ne bayan an gama ɓarna, da hukunci a hannu. Tana kuma koya wa mai wayo wani mugun lissafi, cewa duk abin da ba a iya bin sawunsa halal ne. Wanda tsoron BVN kaɗai ya hana shi sata yana nan a kan kunyar ido, mai kallon ne kawai ya sauya.

Dabarar mutanen da

Fatake sun san wannan matsala tun kafin a haifi mai kwamfuta, sun kuma yi mata magani. Duk inda suka je sukan kafa zango, baƙo kuma ba ya ciniki sai ya sauka a hannun maigida. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana tsarin a littafinsa na 1969. Mai shanu yana zuwa daga Arewa bai san kowa ba, maigida ya ba shi masauki, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida kuwa ya tsaya a kan kuɗin. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo ba takarda ba kotu, domin kowane baƙo yana da wanda ya san shi, wanda kuma sunansa zai ɓaci in baƙon ya ci amana. Haka aka yi a Agege da sauran zangunan Kudu.

Darasin a fili yake. Mutanen nan ba su dogara ga ƙarfin zuciyar kowa shi kaɗai ba, gama sun san zuciya tana gajiya. Da gangan suka sa kansu inda za a san su. Wannan shi ne nauyi na fari a kan mai tafiya: ya nemi a san shi. Ya karɓi takardar shaida daga ikilisiyarsa ya miƙa ta inda ya sauka, kada ya zama mai zaman bencin baya da ke fita kafin a gaisa. Ya nemi ƙungiyar mutanen garinsu, gama Eggon da Mada da Alago da Migili duk suna da 'yan'uwa a manyan birane. Ya sami dattijo ɗaya da zai iya gaya wa ainihin aikin da yake yi da ainihin abin da ake biyansa. Ga ma'auni mai sauƙi: duk aikin da mutum ba zai iya bayyana wa mahaifiyarsa dalla-dalla da harshensu ba, akwai abin dubawa a cikinsa. Neman mai tsawatarwa alama ce ta wanda ya san kansa.

Rabon waɗanda suka rage a gida

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idon gida yana bin yaro har Legas ta waya, amma sau da yawa abu ɗaya yake dubawa, wato saƙon shigar kuɗi. Wata biyu da tafiyarsa an fara kira: kuɗin makarantar ƙane, taki, asibiti, gudummawar biki. Ba a lissafa cewa kafin ya sami ɗaki sai ya biya hayar shekara guda gaba ɗaya, da ladan dillali, da kuɗin yarjejeniya, ko kuwa cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota yana cin babban rabo na ƙaramin albashi. Yaron da ke kwana a ƙasan ɗakin abokinsa yakan ɗauki hoto a gaban motar wani ya aika gida, domin ya ga abin da ake so a gani ke nan. Daga ƙaryar hoto zuwa ƙaryar da za ta sayi motar, tazarar ba ta da yawa.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a watan Disamba. Wanda ya tafi bara da jaka ɗaya ya dawo da mota, ya yi gudummawa mai kauri a taron godiya, aka ba shi kujerar gaba, ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. Abokinsa da ke gyaran waya da gaskiya ya dawo a motar haya, aka gaishe shi sama-sama. Ƙananan yara suna kallo, sun kuwa fahimci darasin fiye da duk abin da aka koya musu a aji. Garin da ke yin haka ya sayar da idonsa, ba shi da bakin zargin birni.

Saboda haka akwai abu uku da ke kan iyaye da shugabanni. Na fari, su tambayi yadda aka samu kafin su tambayi nawa aka samu, su kuma iya mayar da kyautar da ba a iya bayyana tushenta ba. Na biyu, su ba mai tafiya shekara guda ko biyu ya kafu kafin a ɗora masa kaya. Na uku, su faɗa masa tun a tasha cewa ƙofa a buɗe take ko da hannu wofi ya dawo. Uwar da ta ce, "Ɗana, in abin bai yi ba ka komo, gona tana nan," ta ba shi kariyar da ta fi kowane gargaɗi, gama da yawa da suka faɗa cikin zamba tsoron kunyar dawowa ne ya tura su, fiye da kwaɗayi. Su kuma waɗanda suka riga suka kafu a Legas da Abuja, lokaci ya yi da za su zama wa na baya abin da masu gidajen zango suka zama wa fatake.

Amsar tambaya

Masu karatu sun san labarin Yusufu, saurayin da aka kai Masar, babbar ƙasar ilimi da gine-gine ta zamaninsa, inda ba wanda ya san Yakubu balle ya kai masa labari. An danƙa masa dukan gidan Fotifar, jaraba kuma ta same shi a ranar da ba kowa a gidan. Ya ƙi, domin yana ganin amanar maigidansa a gabansa, ya kuma san akwai Mai gani wanda ba a juya masa zobe. Ƙin nan ya kai shi kurkuku kafin ya kai shi fada, kada kuwa a ɓoye wa matasa wannan: gaskiya a birni takan sa a rasa aiki, a koma ɗakin da ya fi ƙanƙanta, a ga tsara sun wuce.

Aflatun ya amsa wa ɗan'uwansa da cewa mai zalunci yana lalata ransa ko da ba a kama shi ba, domin ya mai da kansa bawan sha'awarsa. Wannan amsa tana nan daram. Mutum yana iya ɓuya wa Lafia, ya ɓuya wa hukuma na ɗan lokaci, amma da wanda ya zama zai kwana, da shi zai tsufa, shi ne kuma zai yi renon 'ya'yansa. Kirkin da ya tsaya a idon gari zai ƙare a gadar Lokoja. Wanda ya shiga zuciya zai isa Yaba, in an kuma taimake shi da abokan kirki a can da masu haƙuri a gida, zai dawo ya fi yadda ya tafi ƙarfi, gama yanzu an gwada shi. Aikin shuka irin wannan hali yana farawa shekaru da yawa kafin ranar da za a raka yaro tasha. Allah ya kiyaye masu tafiya, ya kuma ba na gida hikimar tambaya.